Kujerar Sista a Ajin Yare

Abin da ya fara tayar wa Sista zuciya a cibiyar nan shi ne kofin shan ruwa. Guda ɗaya ne tal, na roba, an ɗaure shi da igiya a jikin bokitin da ke bakin aji don kada a sace. A sace! Wa zai saci wannan ƙazanta? Mai tari ya kafa baki, mai mura ya kafa baki, wanda ya gama zuƙar sigari a bayan gini shi ma ya zo ya kurkure ya mayar. Bakin kofin har ya yi wata dauɗa mai santsi. Ita kuwa mace ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin haihuwa na asibiti, tana wanke hannu har gwiwar hannu kafin ta taɓa kowa, shi ya sa har ta yi ritaya ta tsufa sunan Sista bai bar ta ba. Ranar farko ta dubi kofin ta ja tsaki, washegari ta zo da gorar ruwanta a jaka.

Ba don daɗi ta zo ba. Ɗanta na fari, wanda kowa ke kira Injiniya, ya tafi karatu wata ƙasa mai nisa, ya sami aiki, ya auri 'yar can, suka haifi 'ya mace ya sa mata sunan uwarsa. Duk ƙarshen mako zai kira ta waya mai hoto, ya ɗora yarinyar a cinya ya ce, "Mama, ga takwararki." Shi ne tafinta. Yarinya ta yi surutunta da yaren uwarta, ya juya wa Sista. Sista ta yi mata wasan kaka, ya juya wa yarinya, wani lokaci ya ƙara gishiri don a yi dariya. Sai ciwo ya kama shi, na ɗan lokaci, kafin a gama neman takardun tafiya har an binne shi a can. Labarin ya kayar da Sista. Jininta ya hau, ɓarin jikinta na hagu ya taɓu, ta yi watanni a kwance. Ta tashi dai, Allah ya taimaka, sai dai bakin ya ɗan karkace, hannun kuma ba ya riƙe abu mai nauyi.

Surukarta, matar Injiniya, 'yar halak ce, ba ta yanke zumunci ba. Tana kira. To amma a ce me? Su kalli juna a fuskar waya, wannan ta yi hawaye, waccan ta yi hawaye, su ɗaga wa juna hannu. Takwara ta leƙo, ta ga tsohuwa tana ta murmushi ba magana, ta gaji ta koma wajen wasanta. Auta, ƙanwar marigayi da ke zaune tare da uwar, ta sa manhajar fassara a waya, da ita ake aika saƙon rubutu. Ta nan ne surukar ta aiko da magana biyu. Ta farko roƙo: ga hotunan yarinya nan tana turowa, amma don Allah na cikin gida ne, kada fuskar 'yarta ta shiga intanet, haka suka yi alkawari da mijinta tun yana raye. Ta biyu albishir: idan aka yi dogon hutun makaranta, za ta kawo Takwara ta ga gidan ubanta.

Daga ranar Sista ta tsaya kai da fata.

"Jikata ta zo har ɗakina, in riƙa yi mata magana ta bakin ƙarfe? Allah ya kiyaye. Nemo min inda ake koyar da yaren nan."

"Mama, a shekarunki?"

"Shekarun nawa a kanki suke zaune?"

Duk garin wuri ɗaya ake koyarwa, wata cibiya a saman bene, bisa shagon sayar da taya. Kyauta ne, domin wata ƙungiya ta mutanen can ƙasar ce ke ɗaukar nauyinta. Ajin ɗaki ne mai taga biyu, fanka ɗaya ta mutu, ɗayar tana kuka, ƙasan benci duk cingam. Warin taya daga ƙasa, warin banɗaki daga gefe, a tsakiya kuma warin safar samarin da ke cire takalmi su miƙe ƙafa. Yawancinsu masu mafarkin tsallakawa neman aiki ne. Wani mai askin banza ya tambaye ta, "Mama, ke ma biza za ki nema?" Ta ce, "Eh, ɗan nan, zan je in sayo maka hankali, an ce a can yana da araha." Aji ya fashe da dariya, daga nan suka shafa mata lafiya.

Malamar ajin yarinya ce mai natsuwa, da faratanta a yanke, abin da ya fara sa Sista ta yarda da ita ke nan. Ita ta sa aka kawo wa tsohuwar kujerar roba a gaba, don benci na sa mata ciwon baya. Karatun bai zo da sauƙi ba, wallahi. Yaren yana da wasu sautuka da sai an murɗe leɓe, ga leɓe ya riga ya murɗe nasa wajen daban. Abin da yaran suka kama a zama ɗaya, ita sai ta kwana da shi ta tashi da shi. Tana wanke-wanke tana gaya wa tukunya sunanta da yaren can, tana shara tana tambayar tsintsiya lafiyar iyalinta. Auta ta ce maƙwabta sun fara jajanta mata, wai ciwon Mama ya hau kai. A hankali dai abin ya fara zama. Ran nan da surukar ta kira, Sista ta tambayi Takwara me ta ci, yarinyar ta zaro ido, ta matso har hancinta ya cika waya, ta ba da amsa. Rabi Sista ta gane, amma ranar kusan da rawa ta shiga kicin.

Malama tana da wata hanyar koyarwa. Duk mako kowa zai tsaya gaban wayarta ya yi magana a kan abin da ta zaɓa, ta ɗauke shi a bidiyo, ta zuba a kwamfutar cibiya, daga baya su zauna tare ta nuna masa inda bakinsa ya kauce. Wani mako ta ce kowa ya zo da hoton iyalinsa. Sista ta ciro wanda Auta ta wanko mata, Injiniya riƙe da Takwara a kafaɗa, ta ɗaga shi gaban waya ta fara. Wannan ɗana ne. Wannan jikata ce. Niyyarta ta tsaya nan. To amma da harshenta na gado tana da wurin ɓuya, sai ta ce an yi rashi, sai haƙuri, Allah ya jiƙansa, a wuce wurin. Da wannan yaren kuwa kalmominta kaɗan ne, kuma duk tsirara suke. Sai ta ji bakinta yana cewa: Ɗana ya mutu. Ban gan shi ba. Na karɓi 'ya'yan mutane da yawa da hannun nan. Nawa ban taɓa shi ba. Kukan da ba ta yi gaban 'yan gaisuwa ba, shi ya ƙwace mata gaban yara masu warin safa. Malama ta kashe waya ta rungume ta.

Ba a jima ba aka ce Darakta, shugaban cibiyar, yana kiranta.

Tun daga bakin ƙofa turarensa ya tare ta, irin wanda ake zubawa a kan tsohon gumi, sai su haɗu su haifi wani wari na uku. Yana cin abinci a leda, hannu ɗaya cikin mai, ɗayan a kan kwamfuta. Yana da dogon farce a ƙaramin yatsa, da shi ya sosa cikin kunne, ya duba abin da ya samo, ya shafe a ƙasan tebur, sannan ya miƙo mata kujera da hannun. Sista ta ce ta gode, a tsaye ma ya isa.

"Mama! Mama tamu! Kin san kin sa ni kuka?" Ya juyo mata da kwamfutar. Ga ta nan an tsayar da ita baki a buɗe, ido jawur, hoto a hannu. "Na kalla na sake kallo, har matata na nuna wa. Wallahi zinariya ce wannan."

Sista ta ce, "Wa ya ba ka?"

"Ai kwamfutar cibiya ce, Mama." Ya lashe yatsa. Ya ce masu ɗaukar nauyi sun gaji da ganin hoton samari riƙe da takardar shaida, suna son labari mai taɓa zuciya. Ɗan gajeren fim kawai za a haɗa, kaka mai koyon yare saboda marainiyar jikarta.

"Mutuwar ɗana ba talla ba ce. Ka goge."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi. Ya kwantar da murya, ya ce ya fahimta, ai shi ma uwa ce ta haife shi. Sai dai zango mai zuwa kujeru sun yi kaɗan, ga matasa a layi waɗanda rayuwarsu ke gaba, in an tambaye shi dalilin ajiye dattijuwa a aji, me zai ce? Yana maganar yana sakace da farcen nan na kunne.

Da ta koma gida sai da ta wanke hannu da fuska da sabulu, alhali ba ta taɓa komai nasa ba. Mayafin ma ta jiƙa shi, wai ya kwaso turaren. Auta ta ce, "Ki bar musu kayansu mana, Mama. Abin da kika iya ya isa gaisuwa." Gaisuwa! Ita da take son ta yi wa yarinya tatsuniya, ta gaya mata irin ɓarnar da ubanta ya yi yana ƙarami, ta ji in ta yi mafarki mai ban tsoro me ta gani. Hutu yana matsowa, ita ko maganar abin da ya wuce ba su kai ba a darasi. Ta koma wajen Darakta.

Ta kafa masa sharaɗi. Za ta zauna a ɗauke ta sabo, ta yi gaisuwa, ta ce tana jin daɗin karatu. Wancan na kuka ba za a taɓa shi ba, hoton yarinya kuwa ko inuwarsa. Darakta ya dafa ƙirji da hannun mai, ya rantse har da kabarin ubansa.

Ranar ɗauka ta yi shigarta ta mutunci, ta sa tabarau. Mai kyamara, wani siriri mai tauna cingam baki buɗe, ya dube ta sama da ƙasa ya ce kayan sun yi kyau da yawa. Ya ce ta cire tabarau, wai yana ƙyalli. Ya ɗauke kujerarta daga gaban allo ya kai jikin bangon da ya tsage, inda ruwan banɗaki ya yi taswira. Ya zagaya dama, ya girgiza kai, ya dawo hagu, ɓangaren da bakin ya karkace, ya ce, "Yauwa, nan ya fi ba da ma'ana." Sannan ya ce, "Mama, ɗan tuna marigayi mana, idon ya yi bushe." Sista ta dube shi irin kallon da take yi wa ɗalibar da ta shigo ɗakin haihuwa da ƙazamin hannu. Ta yi gaisuwarta tsaf, ido a bushe, ta tashi ta ɗauki kujerarta da hannu mai lafiya ta mayar inda take.

Auta ce ta fara ganin fim ɗin. Ta shigo falo da waya a hannu, fuska ba daɗi, ta zauna a hannun kujera ta danna. Wani kiɗa ne ya fara, mai jan rai kamar kukan kyanwa. Gaisuwar da Sista ta yi ko rabinta ba su sa ba. Na kukan suka sa, dukansa, har inda majina ta zubo. Suka jawo hoton kusa, fuskar Takwara ta cika waya, har gibin haƙorinta ana gani. A ƙasa an rubuta da yaren can, Sista da kanta ta karanta, a hankali, kalma bayan kalma: wai tsohuwa ce matalauciya da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba sai da cibiya ta tsamo ta. Ita! Ita da ta koyar da rabin ungozomomin garin nan! Ta tashi da sauri ta nufi banɗaki, sai da ta amayar da karin kumallonta tas.

Ta hau benen cibiya tana haki. Yara suka tashi suna tafa mata, mai askin banza yana cewa Mama ta zama tauraruwa. Malama kaɗai ce ta sunkuyar da kai, ta biyo ta baranda tana hawaye, ta ce wallahi ba ta sani ba, ta ce laifinta ne da take zuba aikin aji inda hannun Darakta ke kaiwa. Sista ta ce, "Share idonki, 'yar nan, kada ya gani ya ɗauka."

Darakta ya tarbe ta da hannu biyu a buɗe. Ta ja da baya.

"Ka rantse min da kabarin ubanka."

"Mama, mai haɗa fim ne ya ga ya fi tasiri. Kin ga yadda mutanen can suke yaɗa shi kuwa? Sun ce a ƙara mana aji biyu! Kujerarki kuwa har ki gaji, ba mai taɓa ta."

"Tir da kai. Na sha kwashe ƙazanta iri-iri a rayuwata, da safar hannu nake kwashewa in wanke in ci abinci. Kai ne na farko da na gani na kasa cin abinci. Cire shi yanzu ina tsaye."

Ya cire, yana ƙunƙuni wai an yi wa mutum alheri ya zama laifi. Amma cirewar me? Ƙungiyar can ta riga ta ɗora a nata shafin, daga nan wasu sun kwasa sun ɗora a nasu.

Auta ta ce, "Mama, mu riga su. Kawo in rubuta wa matar Yaya yanzu-yanzu, manhaja ta fassara, ki ba ta haƙuri kafin ta gani."

Nan fa taurin kan Sista ya motsa. Ta ce a'a. Laifi irin wannan ba a ba da haƙurinsa ta bakin ƙarfe, da muryarta za ta yi, da yaren matar, kuma ba za ta aika da gurguwar magana ba. Ta shiga ɗaki ta fara haɗawa. Ta ɗauka ta saurara, ta ji bakin ya kauce, ta goge. Ta rasa yadda ake cewa an yaudare ni, ta bari sai ta tambayi Malama. Ta tambaya, ta dawo, ta ga kuma farkon bai yi ladabi ba. Auta tana ta magiya, ita tana ta gyara. Kwana ya wuce, wani ya bi bayansa.

Da hantsi ne, tana zaune a kicin tana tsince shinkafa a tire, tana maimaita jimlar ƙarshe, wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga surukar. Auta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Sista ta goge hannu a zani ta danna.

Matar ba ta ɗaga murya ba. A hankali take magana, tana raba kalmomi, ta zaɓi ƙanana masu sauƙi irin na darasin farko, yadda ta saba yi wa tsohuwar don ta gane. Ta ce iyayen yara ne suka nuna mata a ƙofar makaranta. Ta ce 'yan ajin yarinya sun riga ta gani, su suka nuna wa yarinyar kakarta tana kuka da hoton babanta, yanzu suna kiranta marainiyar bidiyo, ta ƙi zuwa makaranta. Ta ce abu ɗaya na roƙe ki. Ta ce kwana biyu ina jira ki kira ni, ba ki kira ba. Can kusa da ƙarshe wata ƙaramar murya ta shigo daga nesa, matar ta amsa mata a gajarce, sannan ta ƙarasa abin da take faɗi, saƙon ya yanke.

Sista ba ta sake dannawa ba. Ta ajiye wayar a gefen tire.

"Kawo in sa a manhaja," in ji Auta.

"Bar shi. Na ji."

"Duka?"

"Duka."

"To me ta ce, Mama?"

"Ta ce ba za su zo ba. Ta ce kada in ƙara kira."

Auta ta dafa ƙofa. Ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Waccan ƙaramar muryar fa? Takwara ce?"

"Ita ce. Ta tambayi uwarta da wa take magana."

"Me uwar ta ce mata?"

Sista ta jawo tiren shinkafa kan cinyarta, ta sa yatsa ciki, ba ta tsinci komai ba.

"Ta ce ba kowa."